Gurbin Sani a Sahun Masu Waƙa

Tun da na dawo daga Faransa 'yan fadarmu ta hira ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce in ba shi labarin dogon ƙarfen nan na Paris, wancan ya ce wai da gaske ne jirgi yana bi ta ƙarƙashin gidajen mutane. Ƙarfen dai ban gan shi ba, ban kuma nemi ganinsa ba. Kowa a Damagaram ya san abin da ya kai ni, kuma na san akwai tambayar da ke bakin kowa wadda kunya ta hana a yi mini. To ga labarin, sau ɗaya zan ba da shi, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ƙanena Sani karatu ya kai shi can. Karatu ya ƙare, ya zauna yana aiki a wani ƙaton sito a gefen birnin Lyon. Wata rana aka kira mu aka ce ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, yana asibiti, ba ya magana. Neman biza ya cinye mini makonni, kullum a ce in kawo wata takarda, shi kuwa yana can kwance. Ranar da zan tashi, Inna ta haɗa mini jaka da hannunta, ta hana kowa taɓawa. A bakin zaure ta riƙe mini hannu.

"Lawali, in ka tarar da shi da rai, ka ce na yafe masa nisan da ya yi. In kuwa ka tarar Allah ya yi ikonsa, kar ka bari a sa mini ɗa a rami kamar wanda ba shi da kowa. A yi masa wanka, a sallace shi, jama'a ta tsaya masa."

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na faɗa ba: a sauka a nuna takarda, a hau, a sake sauka. Jirgin sama kuwa ban taɓa shiga ba sai ranar. Aka kawo abinci a ɗan faranti, kowane abu da rigarsa ta leda, na ci burodin na bar sauran don ban san asalinsu ba.

A filin jirgin Paris wani ɗan duwan, wato kwastan, ya jawo ni gefe ya buɗe jakata. Kilishin da Inna ta sa aka yi wa Sani musamman, ya ɗaga shi da yatsa biyu ya jefa a kwandon shara, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na roƙe shi, na ce na maras lafiya ne, ya ce doka ce. Da ya kai ƙasan jakar sai ya zaro wani farin yadi a naɗe, sabo fil, wanda ban san da shi ba. Ya tambaye ni mene ne. Na ce yadi ne. Ya mayar. Ni kuwa na gane likkafani ne, kuma na gane Inna ta riga ni sanin abin da zan tarar.

Kawu Ila, ƙanen Inna ta wajen uba, shi ya tarye ni. Ya tsufa a Paris yana yankan nama a wata mahauta. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito a unguwar da ake ce wa Château Rouge. In ba don sanyi ba sai ka ce kasuwar Dole ta Damagaram ce aka ɗauko aka dire: masu atamfa, masu busasshen kifi, mata suna kitso a shago, wani yana tallar dafaffiyar masara a ɓoye yana waige. Ɗakin Kawu yana can ƙololuwar wani tsohon bene, bai fi rumfar mai shayi ba, ban ɗaki kuma a waje, na haɗaka, babu buta sai gorar ruwa da aka yanke wa kai.

Duk tambayar da na yi masa kan Sani sai ya ce, "Ci abinci tukuna." Ya sayo shinkafa da miyar gyaɗa wajen wasu mata 'yan Mali, ya zauna yana kallona har na side hannu. Sannan ya cire hularsa.

"Sai haƙuri, Lawali. Sani ya cika da asuba, kana sama."

Na yi salati, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Kawu ya bar ni har na gaji. Da na ɗago sai na ga bai mayar da hular ba, yana ta juya waya a hannu.

"Akwai wata magana. Gara ka gani a wajena da ka gani a wajen wani."

Bidiyo ne. Cikin coci, ga gicciye ƙato a bango, ga kyandirori, ga mutane sahu-sahu cikin baƙaƙen kaya suna waƙa da wani harshe da ba Faransanci ba. A sahun baya, tsakanin wasu tsofaffin Turawa, ga Sani, riƙe da baƙin fayil, baki buɗe, ido a kan wata mata mai kaɗa hannu. Bayan bidiyon kuma ga hoto: an jingina hotonsa a gaban cocin, an kewaye shi da furanni, an rubuta "ɗan'uwanmu" a ƙasa. Kawu ya ce ƙungiyar masu waƙar ce ta sa a shafinta tun yana kwance, don neman masa sauƙi. Wani yaro ya gani ya tura zauren WhatsApp na 'yan Nijar, kuma kafin gawa ta huce magana ta gama gari cewa Sani ya bar addini.

Washegari na hau jirgin Lyon. Gudu yake kamar zai bar ƙasa, amma ciki tsit, mutum ɗari ba mai ce wa wani sannu. Na gaida matar da ke kusa da ni, ta jawo jakarta jikinta. Can da hawaye suka sake ƙwace mini, ita ɗin ce ta miƙo mini hankici na takarda, idonta a kan taga.

Mutari, wanda suke haya tare da Sani, ya kai ni Vénissieux, unguwar dogayen benaye masu kama ɗaya. Na'urar hawa ta lalace, muka hau da ƙafa ina haki. Ban ko zauna ba na tambaye shi.

"Tsakaninka da Allah, Mutari, yana salla?"

"Yaya Lawali, ni aikin dare nake, shi na rana. In na shigo ya fita. Da azumi dai muna sahur tare, wannan na shaida. Amma duk Asabar sai ya ɗauki baƙin fayil ɗin nan ya fice, ya ce wajen abokai za shi. To mu nan duk sha'aninmu Asabar ne, suna, ta'aziyya, taron 'yan gida. Shekaru ba a ganinsa. Mutane suna da ciwonsa tun kafin bidiyon nan."

A gida wanda ya rasu da safe kafin azahar yana makwancinsa. A can gawa jiran takarda take. Na gan shi a ɗakin sanyi, an jawo shi daga cikin bango kamar aljihun tebur. Aka ce dole sai da akwati, dole sai ofishin magajin gari ya sa hannu, dole sai ranar da ma'aikatan maƙabarta suka ba da. Muka yanke shawara da Kawu a binne shi can, a ɓangaren Musulmi. Saura wanda zai sallace shi.

Malam Abdu, mutumin Tawa, shi ke yi wa 'yan Nijar na unguwar limanci a irin wannan. Ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini ta'aziyya, amma bai haɗa ido da ni ba.

"Malam Lawali, wanga al'amari da nauyi shike. Ni ban ce yaron ga ya hita addini ba, Allah shi kiyashe ni. Amma jama'a sun gani da idonsu, kuma ni ka tsayawa gaba. Samo mini wanda ya gan shi shina salla a 'yan watannin ga, ko mutum guda, in samu abin hwaɗi."

Na fito raina a jagule. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ban da amsa. Yaron da na goya, na kai shi makarantar allo da hannuna, ga shi ana neman shaidar musuluncinsa kamar ana neman shaidar akuyar da ta ɓata, ni kuma na kasa rantsuwa.

Ranar Asabar na ce wa Mutari ya kai ni inda masu waƙar suke taruwa. Da faɗa na tafi, ba zan ɓoye ba. Na zaci coci za mu, sai ga mu a wani zauren unguwa mai kujerun roba, irin wanda ake taron iyayen yara. Mutanen ma ba wasu ba ne: tsofaffi masu sanƙo, wata ungozoma da ta taso daga aiki, wani mai raba wasiƙu, 'yan mata ɗalibai. Mun tarar suna gyaran murya, suna busar da leɓe kamar dawaki, suna miƙa wuya suna hamma da gangan. Ba don abin da ke cikina ba da na yi dariya.

Matar nan mai kaɗa hannu ta hango ni, hannunta ya tsaya a sama. Kamanninmu ɗaya da Sani. Sunanta Madam Odil, tsohuwar malamar makaranta ce, ita ke jagorantar ƙungiyar, wadda suke kira koral. Ta taho za ta rungume ni, na ja da baya. Na gaya mata abin da hotonsu ya jawo, ban tauna ba. Na ce ga ƙanena can a ɗakin sanyi an rasa mai sallatarsa saboda furanninsu.

Fuskarta ta yi fari fat. "Mu gata muka yi nufin yi masa," in ji ta. "Haka muke yi wa namu. Ba mu san wani abu ba ne a wajenku."

Wani tsoho mai ƙaton ciki ya matso, Bernar, tsohon direban bas, wanda yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Sani a sahun masu babbar murya. Ya ce, "Malam, ni da kake gani ban yarda da Allah ba ma sam. Rabinmu nan ba ma shiga coci sai ranar waƙa. Coci muke zuwa don ita ce mai rufin da ke ɗaukar murya, kuma tsofaffin waƙoƙin nan don ita aka rubuta su. Wa ya ce maka ana tambayar mutum addininsa a nan? Tambaya ɗaya ce, kana iya riƙe muryarka ko ba ka iyawa."

Na yi a'uziyya a zuciyata. Wato wanda zai wanke ƙanena daga zargi shi ne wanda bai san Allah ba.

Madam Odil ta duba agogo, ta ce in zauna in ga wani abu. Suka tashi suka jeru. A sahun baya suka bar gurbin mutum ɗaya kusa da Bernar, ba wanda ya matsa ya cike. Suka yi ta maimaita layi ɗaya, tana tsayar da su tana faɗa, su sake. Ana cikin haka, ba a kai ƙarshen waƙar ba, ta sauke hannu ta ce hutu. Na duba wayata, la'asar ta yi daidai.

"Hutun Sani ke nan," in ji Bernar. "Da rani can yamma, da sanyi tun ba mu yi zafi ba. Shekara da shekaru hutunmu yana yawo, masu shan taba suna ta ƙorafi. Taho."

Ya buɗe wani ɗan ɗaki da ake tara kujeru. A ƙasa an manna jan salatif a karkace, ya nufi kusurwa. A saman kabad ɗin da suke ajiye takardun waƙa ga darduma a naɗe. Na sauko da ita. Tamu ce, ta gida, koriya mai hoton masallaci, wadda Inna ta ba shi ranar da zai tafi, wurin goshi ya cinye har zare ya fito. Bernar ya ce shi ne mai tsaron ƙofa, don Sani ya gaya masa ba a gilma wa mai salla. Na yi alwala a famfon ban ɗakinsu, na bi jan salatif ɗin na yi la'asar, tsohon nan yana tsaye a bakin ƙofa ya juya mini baya.

Kafin in tafi na roƙe su abu uku: su sauke hoton, kar su kawo fure maƙabarta, kar kuma su yi waƙa a can. Na ga abin ya yi musu ciwo, don sun riga sun shirya waƙar da suke yi wa matattunsu. Madam Odil ta ce, "Zuwa fa? An yarda mu zo?" Na ce su zo, su tsaya baya.

Na kai wa Malam Abdu dardumar da hoton ɗakin. Ya shafa wurin goshin, ya yi istigfari, ya ce zai yi masa wanka da salla da kansa. Mutari ya tura hoton zauren WhatsApp. Na zaci magana ta mutu ke nan. Ina! Wanda ya tura bidiyo ga mutum hamsin bai tura darduma ga kowa ba. Wani ya rubuta cewa darduma ba hujja ba ce. Wani ya ce ko yana salla, mai rera wa gicciye waƙa ya san inda ya dosa. A cikin sauran ba wanda ya kare shi, kuma wannan ya fi yi mini zafi.

Ranar jana'iza aka tashi da yayyafi mai sanyin ƙanƙara, ranar aiki ce kuma. Muka yi masa wanka, muka sa shi a yadin Inna. Da Malam ya ce a tsai da sahu, na waiga: ni, Kawu da ya taso daga Paris, Mutari, wasu ɗalibai biyu, da wasu Larabawa da suka zo ziyarar kabarin nasu suka taimaka mana don Allah. Sahu ɗaya, shi ma bai cika ba. A Damagaram ko baƙon da ya mutu a tasha yana samun fiye da haka.

Can baya, bayan wata 'yar hanya, ga masu koral sun cika wuri, kusan duk sun zo, wasu sun bar aiki. Baƙaƙen kaya, hannu wofi, ba fure. Ba su san yadda ake yi ba, sai suka jeru yadda suka saba, mata gaba, maza baya, kuma ko a nan sun bar gurbin. Malam ya yi kabbara huɗu cikin ruwa. Mutanen da waƙa ce kaɗai abin da suka iya yi wa mamaci suka tsaya baki rufe har aka gama, saboda na roƙe su. Da aka fara zuba ƙasa Bernar ya matso ya dube ni, na ɗaga masa kai, ya durƙusa da ƙyar ya zuba nasa tafin.

Ranar Lahadi masu koral suna da wasa a wata tsohuwar coci, wanda aka sa tun Sani yana da rai. Na je. Wanda zai zarge ni ya zarga. Na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, sanyi yana shiga ƙashina. Kalma ɗaya ban gane ba, an ce Latinanci ne, roƙon hutu ne ga waɗanda suka mutu. Muryoyin mata suna hawa sama, na maza suna ƙasa kamar rugugin hadari mai nisa. Mu a gida mawaƙi ɗaya ne, sauran 'yan amshi, kowa ya san muryar wa yake ji. Da aka tashi na tambayi Madam Odil ko Sani gwani ne, don a bidiyon ban ji muryarsa ba.

"Ba za ka ji ba," in ji ta. "Aikinmu ke nan. Wanda aka ji muryarsa ita kaɗai ya ɓata waƙa. Mai kyau ba a jinsa, sai ranar da ba ya nan."

Ta sa mini waƙar a waya kashi biyu, ta bara da yana ciki, da ta ranar. Na saurara a jirgi ina dawowa, ni dai ban ji bambanci ba.

Bidiyon ya riga ni isowa gida. Mata masu zuwa gaisuwa sun nuna wa Inna, wai don kar ta ji a bakin duniya. Da mutane suka watse ta kira ni ɗakinta. Na miƙa mata dardumar. Ta shinshina ta, ta ɗora a cinya.

"An sallace shi?"

"An sallace shi, Inna. A yadinki."

"Jama'a fa?"

A hanya na shirya ƙaryar da zan yi, amma da ta dube ni sai ta gudu. Na gaya mata sahu ɗaya ne, bai cika ba. Na gaya mata su wa suka tsaya a baya cikin ruwa, da ɗakin kujeru, da tsohon da ke tsaron ƙofa. Sannan ta ce in sa mata abin da yake yi ɗin ta ji.

Na sa mata ta bara. Ta kara wayar a kunne, ta runtse ido, tana neman ɗanta a cikin muryoyin Turawa. Ta ƙare, ta ce in sake. Na sake. Ta girgiza kai.

"Ban same shi ba, Lawali."

Garin sakewa na taɓa ta biyun, ta ranar Lahadi, ban kuwa gaya mata ba. Ba a yi nisa ba, daidai inda muryoyin maza suke shigowa, ta janye wayar daga kunnenta.

"Wannan ba ya ciki," in ji ta. "Mayar mini da waccan."

Wayar tana wajenta har yau, ni aron ta abokina Mamman nake yi. In kun biyo ta ƙofar gidanmu bayan la'asar kuka ji waƙar coci tana fitowa daga ɗakin Inna, ku yi sallama ku shigo ko ku wuce, amma kar wanda ya sake tambayata.